Rakodar Iya ta Ɗakin Ƙurya

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan labari, don ni ce na riƙe bakin buhun da aka jefa rakodar Iya a ciki. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, kuma ni ba mai magana ba ce, Shiru ma ake ce mini a gidanmu. Amma abin ya tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi, bai wuce ba, bai fito ba.

"Buɗe shi da kyau, Shiru! Kada ki bari ta taɓa jikinki."

Gwaggo ce ke daka mini tsawa, ƙanwar babana, wadda nake hannunta tun rasuwar mahaifiyata. Rana tsaka ce, duk matan gidan sun taru a ƙofar ɗakin ƙurya. Matar Direba ce ta bangaje ƙofar har sakata ta ɓalle. Ta tarar da Iya zaune a bakin gado, ta ɗaure wani abu a ƙirjinta da zane. Ta fizge zanen, sai ga ƙaramar rakoda baƙa, tana ta bugawa dum, dum, dum. Matar Direba ta kama ta da gefen mayafi kamar mai ɗaukar tukunya daga wuta, ta danna ta mutu, ta wurgo cikin buhun.

Iya ba ta yi kokawa ba. Kallon bakinmu kawai take yi ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce da muryarta mai ƙarfi, wadda ba ta hawa ba ta sauka, "Ku ba ni kayana. Me ta yi muku?"

"Tambayi ɗana da ke kwance," in ji matar Direba.

Gidanmu na haya ne, ɗaki takwas, huɗu na kallon huɗu, famfo ɗaya a tsakiya. Iya ta fi kowa daɗewa a ciki, kuma ba wanda ya san mata dangi. An dai ce ta taɓa aiki a masaƙa. In ka gaishe ta tana tafe sai ta wuce ka kamar bango ka gaisar. Da a nan abin ya tsaya, sai a ce girman kai ne. To amma wata rana matar Direba ta raɗa wa Gwaggo a bakin famfo cewa an sallami mijinta daga aiki. Raɗa ce ta gaske, ni da ke tsugune kusa da su ina wanke-wanke ban ji rabinta ba. Iya kuwa tana can kan dakalinta, taku ashirin daga wurin. Da yamma matar Direba ta zo wucewa, sai Iya ta ce mata, "Allah ya kawo wa maigidanki wani aikin, 'yata."

Tun daga ranar mata suka daina hira in tana waje. Da jaririn matar Direba ya kwanta da zazzaɓi, yana ta ramewa, sai aka tuna cewa Iya ta tsaya ta ƙura masa ido ana masa wanka. Ni kuma, wadda ba ta magana, ranar na yi magana. Na gaya wa Gwaggo abin da na hango ta tagar Iya: kullum bayan azahar takan ɗaure wani abu a ƙirji, ta rufe ido, bakinta na motsi, ɗakin na bugawa kamar zuciyar sa. Ban ƙara komai a kai ba. Abin da na gani na faɗa, kuma tsoro nake ji da gaske.

Aka kai buhun shagon Kafinta, wanda mai gidan ya ɗora wa kula da 'yan haya. Ya karɓa yana sosa ƙeya, ya ce zai adana har a san yadda za a yi da ita.

Kwana biyu tsakani zazzaɓin yaron ya sauka. A ranar da aka ƙwace rakodar Direba ya kai ɗansa asibiti aka yi masa allurai, amma ba wadda ta ambaci allura. Matar Direba ta yi ta zagaya tsakar gida da shi tana cewa, "Kun gani ko? Da ma na faɗa, ruwa ba ya tsami banza."

Iya kuwa ba ta sake fitowa ba. Ba hayaƙi a ƙofarta, ba ƙarar tsintsiya. Rana ta huɗu Kafinta ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Ni dai ba za a bar mini gawa a ɗaki ba. Wata ta leƙa ta."

Kowa ta sami abin yi. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ke da kika san tagarta, je ki. Ki ajiye kwanon a bakin ƙofa, kada ki haɗa ido da ita."

Na shiga da farar shinkafa da ɗan romo, kaina a ƙasa kamar kullum. Ɗakin tsaf yake. Gado, akwati, kwano biyu a kife, sai wani fensir a kan taga da aka ɗaure masa zare. Iya na kwance ta fuskanci bango, ta ƙanƙance kamar yarinya. Na yi sallama, shiru. Sai da inuwata ta faɗa kan bangon ta juyo.

"Ga abinci," na ce, ina kallon yatsun ƙafata.

"Ɗago kanki," ta ce. "In kina yi wa ƙasa magana, ƙasa ce za ta amsa miki."

Na ɗago da kyar. Idonta ba a cikin idona yake ba, a kan leɓena yake.

"Na ce ga abinci, Iya."

"Yawwa, yanzu na gani. Mayar musu. Ba ya wuce mini."

Ban san abin da ya hana ni fita ba. Na ce, "Iya, yaya aka yi kika ji maganar matar Direba?"

Ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Ji? Rabona da jin muryar mutum shekara goma sha ɗaya. Shekara ashirin da shida na yi a masaƙa, injin ɗari biyu a ɗaki ɗaya, duk suna ruri. Ko ihu kika yi ba mai jin ki. Da baki muke hira, daga wannan bango zuwa wancan. Har gulmar mai duba aiki muke yi yana tsaye a tsakiyarmu. Injin ya cinye kunnen, ya bar mini idon."

"Me ya hana ki gaya musu?"

"Wa ya tambaye ni? Kuma in sun san ina ganin maganarsu, kina tsammani za su fi so na?"

Ban yarda nan take ba. Na ce a raina, mai irin wannan abu ai ba ta rasa amsa. Na juya mata baya kamar zan gyara kwano, na ce da ƙarfi, "Iya, gobara!" Ko gezau ba ta yi ba. Har hankalina ya fara kwanciya, sai murfin kwanon ya suɓuce mini ya faɗi a bayanta. Caraf ta waiwaya. Na ja da baya.

Ta ga fuskata, ta buga tafin hannunta a ƙarfen gadon. "Ƙasa ce ta gaya wa gado, gado ya gaya mini. Haka rakodar take. Ba na jin waƙar, amma in na ɗaure ta a nan," ta dafa ƙashin ƙirjinta, "kiɗan na shiga. In yana bugawa abinci na wucewa. In babu shi, kamar ina tauna auduga."

Na fito da kwanon yadda na shiga da shi. Gwaggo ta sa na zubar a bola, ta sa na wanke hannu sau biyu da sabulu.

"Me ta ce miki?"

"Ta ce kurma ce. Wai leɓen mutane take karantawa."

"Leɓe littafi ne?" in ji matar Direba. Mata suka kwashe da dariya. "Kurmar da ta san an kori mijina! Ke Shiru, ki kiyayi kanki, da daɗin baki suke farawa."

Kwana uku ina kai abinci ina dawowa da shi. Ruwa kawai take kurɓa. Ba ta roƙe ni komai ba, kuma da ta roƙa da ya fi mini sauƙi. Hannunta dai kullum yana kan ƙirjinta, yatsu biyu na ɗan bugawa. Ni kuwa raina ya rabu biyu. In na kalli wuyanta da ya zama kamar tsinke, sai in ce na kashe tsohuwa da bakina. In na fito na ga jaririn yana wasa da ƙafarsa a kan tabarma, sai in ce, to in fa gaskiyarsu ce? In na mayar mata yaron ya koma ya kwanta, wa zai ɗauki alhakin?

Rana ta takwas da hantsi na je shagon Kafinta. Na daɗe a tsaye cikin ɓawon katako yana goge wani ƙyaure, har sai da ya gaji ya ce, "Shiru, in kujera kike so ki faɗa, in kuma aure ne na riga na cika."

"Baba, rakodar."

Ya ajiye abin gugar. Ya leƙa titi, ya leƙa zaure, sannan ya rage murya. "Na saurare ta tun ranar farko."

"Me ke ciki?"

"Mata ne ke waƙa, ana buga duro. Ko daɗi babu, wata ma muryarta kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? In ce matan gida bakwai ƙarya suke? Ni a nan nake kwana, 'yata. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa." Ya share hannu a jikin riga. "Zan je sayen ƙusa. Akwatin nan na ƙarƙashin benci makullinsa ya lalace, na daɗe ina cewa zan gyara. Ban gan ki ba, ba ki gan ni ba."

Ya kai bakin titi ya dawo. "Batir ɗin kuma, ai kin san ba a barin batir ya zauna, lalacewa yake yi. Na sa a rediyona, ya ƙare."

Na ɗauko rakodar daga akwatin, batir kuma na zare na cikin tocilar Gwaggo. Ban taɓa ɗaukar ko allurarta ba tare da izini ba sai ranar. Na sa rakodar a ƙasan bokiti, na rufe da tsumma, na ɗora kwanon abinci a kai. Na ratsa tsakar gida ina ji kamar kowa na gani har cikin bokitin.

Da Iya ta gan ta ba ta ce na gode ba. Ta miƙo hannu biyu kamar za a ba ta jariri. Ta ciro kaset ɗin, ta sa na miƙo mata fensirin taga, ta zura a raminsa ta dinga juyawa a hankali har zaren ya koma farko. "Da hannu ake mayarwa," ta ce. "Batir na kiɗa ne, ba na komawa baya ba." Hannunta ya kasa ɗaura zanen, ni na ɗaure mata ta baya. Ta danna.

Dum, dum, dum.

Ta rufe ido. Na ga kafaɗunta sun sauka, goshinta ya warware. Can ta buɗe baki ba tare da ta buɗe ido ba, na gane, na ɗebo cokali ɗaya na ba ta. Ta tauna bisa kiɗan, ta haɗiye. Na ba ta na biyu.

Ba a kai ga na uku ba na ji ihu a waje. "Ta dawo da shi! Wallahi ga shi can yana bugawa!"

Ƙofar ba sakata. Na tashi na tsaya a bakinta, na dafa katakon hagu da dama. Matar Direba na gaba, ta rungume ɗanta ta rufe masa kai da mayafi, Gwaggo na bayanta.

"Matsa, Shiru."

Na ce, "Abinci take ci."

"Na ce ki matsa!"

"In ta gama."

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Yau ga abin mamaki, bebiya ta yi baki. To wallahi in ba ki fito ba, kada ki sake taka mini ɗaki."

Iya ta hango bakunansu ta ƙarƙashin hannuna. Sai ta kwance zanen da kanta, ta murɗa ƙarar har ƙarshe. Waƙar ta cika gidan. Muryoyin mata ne huɗu ko biyar, ba su ma haɗu sosai ba, ana dukan duro da ƙarfi kamar za a fasa shi:

"Zare ya tsinke, ƙulla ki ci gaba,
Mai duba aiki na baya, kar ki waiwaya."

Wata daga baya ta fara gyaɗa kai, ta ankara ta daina. Na zaci shi ke nan. Sai matar Direba ta ja tsaki ta ce, "Wannan ta juya mana. Ai ba za ta bari mu ji na gaskiyar ba." Ta juya da ɗanta, sauran suka bi ta, kowa ta ja labule. Gwaggo ce ta ƙarshe. Ta daɗe tana kallona kamar yau ta fara ganina.

Na koma na zauna. Iya ta mayar da rakodar ƙirjinta ba ta ɗaure ba, ta ci cokali huɗu. Tana nuna mini da yatsa: "Mai wannan dukan Doguwa ce, hannunta kamar na namiji. Ranar da aka sallame ni suka yi mini, a bayan ɗakin rini. Sun san kunnen ya tafi, shi ya sa suka dage da duro."

Kiɗan ya tsaya. Ta kai hannu za ta kashe.

Na riƙe hannunta, na sa fuskata a gabanta. "Bai ƙare ba, Iya. Ana magana."

"Magana? Ai nan ne ƙarshe. Kullum nan nake mayarwa."

"Wata ce ke magana."

Ta ƙura wa bakina ido. "Faɗa mini. A hankali."

Na kasa kunne, ina ji ina maimaita mata kalma kalma. Wata murya ce mai haki, tana kiran Iya da sunanta na masaƙa, tana cewa, "Ke Gajeriya, in kin ga dama ki ɓuya. Kujerarki na nan jikin injin na tara, mun hana kowa zama. Ki zo ranar Asabar, shayi a kanmu." Sai wata ta ce, "Ba ta jin ki, sakarya!" Aka fashe da dariya. Ta farkon ta ce, "Ai za ta sami mai gaya mata." Daga nan sai shuuu, kaset ya ƙare.

Iya ta fara dariya, hawaye na bin kwarin kumatunta. "Shegiya Doguwa. Ni nan ina cewa ko gayyatata ba su yi ba, na yi fushi na ƙi zuwa. Shekara goma sha ɗaya!" Ta share ido da bayan hannu. "Masaƙar ma an rufe. Sake mayarwa, 'yata. Ki sake faɗa mini, kada ki tsallake sakaryar."

Sau uku na faɗa mata a ranar.

Gwaggo ta cika alkawarinta, ta ajiye mini tabarmata da ƙullin kayana a ɗakin girki. Kwana biyu ina jinyar Iya. Takan ci cokali uku ko huɗu, amma jikin ya riga ya yi nisa. Da na fito ɗiban ruwa mata sai su janye bokitansu. Sau ɗaya jaririn ya yi tari, duk tsakar gida ta juyo ta kalle ni.

Rana ta uku da hantsi, batir ya fara sanyi, muryoyin sun yi kauri suna jan ƙafa. Iya na kwance, yatsunta biyu na bin kiɗan a kan rakodar. Na juya in tsiyaya mata ruwa. Da na waiwayo duron na bugawa, yatsun sun tsaya.

Kafinta ya kira maza, ya kawo mata biyu daga wani layi suka shirya ta. Direba na cikin waɗanda suka ɗauke ta, matarsa na harararsa ta bayan labule. Kafin la'asar an dawo. Ba wadda ta shiga ɗakin. Na ji wata na ce wa Gwaggo, "Ki sa ido a kan yarinyar nan, irin abin nan ba ya bin mai shi ƙasa, hannu yake sakewa." Gwaggo dai ba ta ce in dawo ɗaki ba.

Washegari da safe na kwashe zannuwan Iya guda uku da zanen gadonta, na kai bakin famfo na wanke su. Igiyar shanya ta cika da kayan mutane, saura ɗan wuri a tsakiya, nan na shanya. Ban gama matse na ƙarshe ba mata suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa ta ja nata gefe, har aka bar wa Iya fili hagu da dama. Na kife bokitina na zauna a kai. Rana ta fara hawa katanga, zannuwan na ɗiga a kan siminti, ruwan na gangarawa a hankali yana bi ta ƙofar kowa.